Yadda Ake Ara Wa 'Yar Tsana Murya Ba Tare Da Leɓe Ya Motsa Ba

Tsaya gaban madubi ka ce, "Jiya na je Agege na ci tsire." Sake faɗa, wannan karon idonka a kan leɓɓanka. Za ka ga kusan ba su yi aikin komai ba, harshe ne ya gama komai daga ciki. To yanzu ka ce, "Baba ya ba Bala biyar." Sau biyar leɓen sama da na ƙasa suka haɗu. Duk wahalar wannan fasaha tana tsakanin jimlolin nan biyu: yadda za ka faɗi ta biyun bakinka na zaune kamar lokacin da ka faɗi ta farkon.

Sunan da Turawa suka ba fasahar, wato ventriloquism, ya fito ne daga kalmomin Latin guda biyu, ɗaya ciki, ɗaya magana, saboda mutanen zamanin da sun ɗauka daga tumbi muryar take fitowa. Ba daga can take fitowa ba, kuma ba wanda ke jefa muryarsa wani wuri. Daga maƙogwaronka take fitowa kamar kullum. Abin da ke faruwa shi ne kunne ba ya iya tantance takamaiman inda sauti ya fito idan wurare biyu suna kusa da juna, sai ya bar wa ido hukunci. Shi ya sa kake jin maganar mai karanta labarai tana fita daga bakinsa a talabijin, alhali lasifikar tana ƙasa ko bayan akwatin. Idan bakinka ya tsaya cak, na 'yar tsana kuma yana motsi daidai da sautin, ƙwaƙwalwar mai kallo da kanta za ta miƙa mata muryar. Mu kira abin aron murya.

Wasan 'yar tsana ba baƙo ba ne a wajenmu. Hausawan Nijar suna da ɗiyan dabo, Tibi suna da Kwagh-hir wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. Sai dai a irin waɗannan wasanni mai sarrafa 'yar tsanar ɓoye yake. Shi kuwa mai aron murya a fili yake zama, fuskarsa na kallon jama'a, 'yar tsana ɗaya a gefensa suna hira. Fred Russell ne ake danganta wa wannan tsari, tun wasan da ya yi a Landan a 1896.

Zaman baki da numfashi

Kada ka rufe baki. Wannan ne kuskuren farko na kusan kowane sabon shiga, sai muryar ta fito a toshe kamar mai magana cikin tulu. Ka raba leɓɓa kaɗan, kamar kaurin tsinken ashana biyu, wato milimita 3 zuwa 5. Haƙoran sama da na ƙasa su kusanci juna ko su ɗan taɓa, ba cizo ba. Ka ɗan ja gefen baki kamar mai shirin murmushi, domin leɓen da aka ɗan miƙe ya fi sakakke wuyar motsi, kuma fuskar mai sauraron abokin hira dama haka take. Murmushin ya zama ɗan kaɗan. Wanda ya yashe haƙora duka ya daskare a haka, kowa zai gane akwai abin da yake ɓoyewa.

Wasu na koya wa mutum ya ciji fensir yana magana. Yana nuna maka yadda harshe zai yi aiki shi kaɗai, amma kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, don yana saba wa muƙamuƙi da ɗaurewa. Idan ka tashi daga atisaye gefen kunnenka na ciwo, cizo kake yi, ka sassauta. Abin da ya fi fensir shi ne ka ɗora yatsa ɗaya a tsaye kan leɓɓanka, ɗaya kuma a ƙarƙashin haɓa. Duk motsin da ido bai kama ba, yatsa zai ji.

Tunda ƙofar fitar sauti ta ƙanƙance, sai iskar da ke turo shi ta zama mai ƙarfi kuma a daidaice. Ka kwanta rigingine, ka ɗora littafi a kan cibiya. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, littafin ya ɗaga, ƙirji da kafaɗu kuwa su zauna. Sai ka saki iskar da sautin "sss" siriri ba yankewa. A farko daƙiƙa 15 ta isa, a hankali ka kai 25 ko 30. Sau biyar da safe, sau biyar da dare. Idan jiri ya ɗebe ka, ka dakata.

Fara da masu sauƙi

Wasulan Hausa biyar ne: a, e, i, o, u. Uku ba su da rigima. O da u ne ke son tura leɓe gaba su kewaye shi, sai ka hana su. Ka bar leɓe a zamansa, ka ja harshe baya ka ɗaga gindinsa, sautin zai fito kusan daidai. Gwada da uku, kunu, goro, tsoho, ƙoƙo. Ka lura kuma da sh, c da j, domin mutane da yawa na ɗan zumɓura baki a kansu ba su sani ba: shayi, cinya, jaka.

Sauran baƙaƙe irin su d, ɗ, t, n, l, r, s, z, ts, k, ƙ, g, y, h duk harshe ne da maƙogwaro ke yin su. Ka haɗa kowanne da wasulan biyar, da de di do du, har ka zagaye su, sannan ka shiga jimloli: Sannu da aiki. Ina gajiya? Ranka ya daɗe. Yaro ya ci gyaɗa ya sha kunu. Ka yi mako biyu a nan ko da ka ga kamar ka iya, domin zaman bakin ne kake so ya zama jiki.

Inda gizo ke saƙar

Sautukan da ke buƙatar leɓe a Hausa su ne b, ɓ, m, f, w, sai 'yan goyo irin su kw, gw, ƙw da fy. Darussan da za ka tarar a intanet galibi don mai Turanci aka yi su, suna ɓata lokaci a kan p da v waɗanda ba su dame mu ba, kuma ba su san da ɓ ba. Abin daɗin shi ne Hausa da kanta ta riga ta warware maka kusan rabin matsalar.

Ɗauki f. Basakkwace ba ya cewa tafi, kifi, lafiya. Tahi, kihi, lahiya yake cewa, kuma ba Bahaushen da zai kasa fahimtarsa. Ko a Kano ana jin huɗu da fuɗu, hula da fula. Saboda haka duk inda f ta zo kafin i, e, o ko u, ka mai da ita h kai tsaye: sahe, danho (wato danfo, motar haya ta Legas), hure. Inda ake samun tangarɗa shi ne fa, domin faɗa zai koma haɗa, fari ya koma hari, ma'ana ta sauya. A nan sai ka ari harafin nan na Larabci mai ɗigo uku da aka koya maka a Islamiyya, wanda ake sa tsinin harshe a bakin haƙoran sama a hura iska. Ka yi shi a tausashe, harshen na bayan haƙora ba ya leƙowa waje. Cikin jimla, kunne f zai ji.

W ba ta da wuya idan ka riga ka mallaki u. Ka fara da u gajere ka zarce cikin wasalin da ke biye: u-ani, u-ata, u-uta, ka yi ta matse su har su zama gaɓa ɗaya. Haka kw, gw da ƙw: ku-ana, gu-anda, ƙu-ai, da sauri. Tsohon karya-harshen nan na ƙato da kwaɗo da ƙoto ya dace da wannan mataki ƙwarai. Ka fara shi a hankali kamar mai koyon karatu.

M hanya biyu gare ta. Idan a ƙarshen kalma take, an gama maka aiki, domin Bahaushe a maganarsa ta yau da kullum ba ya rufe baki a ƙarshen malam ko kullum, da sautin hancin nan na ƙarshen "nan" da "can" yake ƙarasa su. Ka yi amfani da shi hankali kwance. Idan kuwa a farko ko tsakiya take, ko dai ka yi amfani da wannan sautin hancin, wato gindin harshe ya taɓa hanɗa, can bayan rufin baki, kamar n ɗin da ke cikin bango, ko kuma ka yi n ta musamman: ka shimfiɗa gaban harshe da faɗi a bayan haƙoran sama, ka ɗan tsawaita guɗar ta hanci kafin ka saki. Ka gwada duka biyun a kan mota, mama, lemo, ka riƙe wadda ta fi fita a bakinka. Yawanci ta gindin harshe ta fi kyau kafin o da u, ta gaba kuma kafin a, e da i.

B ita ce uwar wahala. Dabarar ita ce harshe ya zama leɓen ƙasa, bayan haƙoran sama ya zama leɓen sama. D ta gaskiya da tsinin harshe ake yin ta a kan hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙora. Wannan kuwa gaba za ka matso da ita: gaban harshe a shimfiɗe, a manne da haƙoran kansu, ka tara iska kaɗan, ka sake ta da taushi kamar yadda leɓe ke buɗewa. Kana yi kana raya b a zuciyarka. Wannan ba camfi ba ne, niyyar sautin tana gyara siffar cikin baki ta hanyoyin da ba za ka iya lissafa su ɗaya bayan ɗaya ba. Ɓ kuma haka za ka yi mata da ɗ: ka ɗauko ta daga inda take naɗewa ka kawo ta bakin haƙora. Ka sani ɓ da ɗ suna sa maƙogwaro ya ɗan motsa, don haka kaftani mai tsayayyen wuya, ko hirami, ko mayafi ga mace, suna rufa asiri.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: a Hausa n tana rikiɗa ta zama m idan b, ɓ, f ko m na biye da ita. Muna rubuta gidan Bello amma gidam Bello muke faɗa. Tunda yanzu b ɗinka a haƙora ake yin ta, ka bar n ta zauna n abinta. Haka cikin tambaya da tumbi. Masu koyo da yawa suna gyara b ɗin su bar leɓe ya rufe a kan m ɗin da ke gabanta.

Abin da zai cece ka a duk wannan musanye shi ne karin sauti da tsawon wasali. Bahaushe ba da baƙaƙe kaɗai yake gane kalma ba, hawa da saukar murya da jan wasali suna ɗauke da kaso mai yawa na ma'ana, kuma duk ba ruwansu da leɓe. Idan ka riƙe karin kalma daidai, baƙin da ka ɗan gurgunta zai wuce ba a lura ba. Idan kuwa ƙoƙarin tsare leɓe ya sa ka miƙar da murya ta zama shafal, to ko kalmomi masu sauƙi ba za a gane su ba.

Duk da haka akwai tarkuna. Maka, masa, mata, idan m ta zame ta zama n sosai, sun koma naka, nasa, nata. Bara ta koma dara, ɓari ya koma ɗari. Mafi muni ita ce kalmar "ba" ta korewa, wadda ke komawa "da", ka ga magana ta juye gaba ɗaya. Waɗannan ka ware musu atisaye nasu: ka ɗauki muryarka a waya kana faɗin kowane biyu a jere, ka ba wani a gida ya saurara ba tare da ya ga fuskarka ba, ya gaya maka wanne ya ji.

Muryar da ba taka ba

Ko leɓenka bai motsa ba, idan muryar 'yar tsana irin taka ce, wasa bai yi ba. Ka zaɓi wadda ta yi nesa da taka ta fuska biyu aƙalla: kauri da sauri, ko kauri da hanci. Mai babbar murya ya ba ta siririya mai sauri, mai siririya ya ba ta ta dattijo mai jan magana. Muryar da ke bi ta hanci ta fi sauƙi ga mai koyo, domin tana rage dogaro da ƙofar baki kuma tana lulluɓe musanyen m da b. Don ka same ta, ka ja "nnn" har ka ji hancinka na kaɗawa, sannan ka buɗe zuwa "naa" ba tare da kaɗawar ta gushe ba.

Kada ka shaƙe maƙogwaro don neman muryar tsoho mai gurnani. Duk muryar da ta sa ka tari ko ƙaiƙayin wuya cikin minti biyar ba taka ba ce, ka sauya. Ka ajiye ruwa kusa, wanda ba sanyi ƙarara ba, musamman da hunturu ko bayan ka sha hayaƙin hanya. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku kuwa ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce.

Sannan ka koyi sauyawa. Ƙirga ɗaya zuwa goma, kai ka faɗi ɗaya da bakinka a sake, ita ta faɗi biyu da bakinka a tsaye, haka har ƙarshe, sannan ku yi musanye. Lambobin Hausa sun dace da wannan domin biyu, biyar, bakwai, takwas da goma duk suna da sautin leɓe. Lokacin da kake magana da muryarka, ka motsa baki sosai, har ka ɗan ƙara. Bambancin ne ke sa shirun leɓenka ya yi kama da shirun gaske.

Haɗa 'yar tsanar farko

Kada ka kashe kuɗi a kan ta waje tun ba ka san ko za ka ɗore ba. Shari Lewis ta Amurka ta yi shekaru tana suna da 'yar tunkiyar da ba ta wuce safa ba. Abin da kawai ake buƙata shi ne baki mai buɗuwa da rufuwa da kyau.

Ka nemi doguwar safa mai kauri irin ta 'yan ƙwallo, wadda za ta kai gwiwar hannu; 'yan gwanjon Yaba ko Katangowa a Legas ba sa rasa ta. Soso mai kaurin rabin inci da gam irin Evo-Stik, wajen masu kayan kujeru a Mushin. Jan ƙyalle ko baƙi na cikin baki da na 'yar riga, ko guntayen da telan unguwa zai ba ka kyauta, ko ka leƙa Balogun. Sai ƙwallon tebur ɗaya ko manyan maɓallai biyu na ido.

Farantin baki shi ne zuciyar aikin. Littattafai za su ce ka yanka kwali, amma a Legas kwali ba ya kai wata guda: zufar hannu da danshin gari za su jiƙa shi ya lanƙwashe. Ka yanka roba mai ɗan tauri, kamar bangon tsohon fayil ko gefen jarka. Gida biyu, kowanne kamar rabin ƙwai: na sama tsawon santimita 8, na ƙasa 7, faɗinsu 7 zuwa 8 gwargwadon tafin hannunka. Ka goge bakinsu kada su yanke safar. Ka jera su a kan ƙyallen cikin baki, miƙaƙƙun gefunan na fuskantar juna, ka bar tazarar milimita 4 a tsakani, ita ce za ta zama wurin lanƙwasa. In ba ka bar ta ba, bakin ba zai rufe ruf ba. A bayan kowane gida ka manna ɗan zoben roba mai talewa, na sama ya ɗauki yatsu huɗu, na ƙasa babban yatsa. Ba tare da su ba za ka iya rufe bakin amma buɗewa sai ta gagara.

Ka tsaga kan safar ta bin ɗinkin yatsu, daidai zagayen farantin, ka naɗe bakin tsagar a gefensa. Shi irin wannan gam, ana shafa shi siriri a fuska biyun, a jira minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danne. Wanda ya haɗa da ɗanyensa zai ga ya saki washegari. Ka yi aikin a waje ko bakin taga, nesa da wuta. Sufagulu kuwa ka nisance shi: yana busar da ƙyalle ya yi ƙarau, kuma yana ɗaukar zafi idan ya haɗu da auduga.

Ka cusa soso a saman yatsu ya ba kai siffa. Ka raba ƙwallon biyu, ka ɗiga baƙi a kowanne. Kafin ka manna, ka riƙe su da allura ka duba daga nesan mita 2. Ɗigon ya ɗan karkato ciki wajen hanci, kaɗan ƙwarai. Idan suka kalli gefe da gefe, 'yar tsanar za ta zama kamar ba kowa a cikinta. Hannu ɗaya na ƙyalle da ƙarfen tsohuwar lema a wuyansa ya isa nuni da sosa kai.

Bayan kowane wasa ka juya cikinta ka shanya a inuwa mai iska. Kada ka ɗaure ta a leda da damina, fumfuna za ta cinye ta, rana mai zafi kuma tana sa soso ya ruɓe ya zama gari. Safar hannu ta auduga siririya tana tsotse zufa.

Hannu da ido

Ka lura da mutum yana magana: haɓarsa ce ke sauka, ba kansa ke ɗagawa ba. Haka za ka yi. Yatsu huɗu su tsaya, babban yatsa ya riƙa sauka. Hannu ba ya son haka da farko, zai so ya ɗaga na sama, sai kan 'yar tsanar ya riƙa wuntsilawa baya, idonta na kallon rufi. Don gyarawa, ka sa bayan yatsunka a ƙarƙashin tebur ka yi ta buɗewa da babban yatsa kaɗai, minti biyu kullum. Ka ɗan sunkuyar da wuyan hannu don idonta ya sauka kan jama'a.

Kowace gaɓa buɗewa ɗaya, kuma a kan wasali ake buɗewa, a rufe a ƙarshen kalma. San-nu da ai-ki, biyar ke nan. Sabon shiga yakan yi akasin haka, ya rufe a kan sautin kamar mai cizon kalmomi. Dogon wasali a buɗe sosai, gajere rabi. Idan magana ta yi sauri, ka tabbatar da gaɓar farko da ta ƙarshe, na tsakiya su samu ɗan motsi. Kuma ga wata riba: duk inda b ko m ta zo, ka rufe bakin 'yar tsanar ruf kafin ka buɗe. Masana sun nuna tun 1976, a binciken McGurk da MacDonald, cewa abin da ido ya gani a leɓe yana sauya baƙin da kunne ke ji. Leɓenta zai ƙarasa b ɗin da harshenka ya fara.

Kanta ya kasance kusa da naka, kamar taƙi ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma kusan tsayi ɗaya. In ta yi nisa, kunne zai fara raba muryar da ita. Idan tana magana ka dube ta, ka ɗaga gira, ka girgiza kai. Inda ka kalla nan jama'a za su kalla. Idan kai ke magana kada ta mutu a hannunka: ta kalle ka, ta waiga wajen yara, ta yi hamma. Kalma mai wuya kuma ka ajiye ta daidai lokacin da ta yi wani babban motsi ko ka juyo da fuskarka wajenta.

Rubuta hirar da bakinka zai iya

Ƙwararru ma kauce wa sautukan leɓe suke yi inda hali ya yi. Ka ɗauki kalmomi masu wuya ka sa a bakinka, masu sauƙi a nata. Maimakon barka da yamma ta ce ina yini, maimakon madalla ta ce na gode, maimakon babu ta ce a'a ko ina. Ta kira ka Alhaji, Yaya ko Oga. Sunanta ma ya zama Jatau, Tanko, Ladi ko Kande, don yara za su tambaye ta. Unguwanni kuwa, Agege, Ikeja, Oshodi, Ketu, Ojota, Ijora da Lekki nata ne. Apapa, Obalende, Mushin da Idi-Araba naka. Idan akwai Yarbawa a wurin, e kaaro da e ku ise suna fita ba leɓe, bawo ni kuwa ka faɗa da kanka. Ga misali da dattijo Basakkwace:

Kai: Baba Jatau, barka da yamma. Yaya hanya?
Jatau: Lahiya lau, yaro. Sai dai gajiya.
Kai: Me ya gajiyar da kai haka?
Jatau: Danho na shiga a Agege, za ni Oshodi.
Kai: Ai ba nisa, Baba.
Jatau: Ina yaro na shiga, ina tsoho na sauka.

Duba layukan Jatau, ba inda leɓe zai haɗu. Sallama, bisimilla, ayoyi da addu'a kuwa kada ka sa su a bakin 'yar tsana kana musanya haruffansu, kai ka faɗe su da bakinka yadda suke. Yana da kyau kuma, musamman gaban ƙananan yara da tsofaffi, ka faɗa tun farko cewa ƙwarewar harshe ce, ba dabo ba ne, ba aljani. Wanda yake da damuwa kan siffar mutum ya tambayi malaminsa, ko ya tsaya kan safa mai ido biyu.

Jadawali da fita gaban jama'a

Minti 10 zuwa 15 sau biyu a rana ya fi awa biyu ranar Lahadi. Mako biyun farko, zaman baki, numfashi da baƙaƙe masu sauƙi. Na uku da na huɗu, f da w da 'yan goyo, tare da neman murya. Daga na biyar zuwa na takwas, m, b da ɓ, hannu kuma na koyon nasa daban. Sai bayan nan ka haɗa su, kuma ka sa rai leɓe zai koma motsi ranar da ka fara haɗawa, saboda hankali ya rabu. Ka rage sauri kawai. B mai tsabta takan ɗauki watanni. Zaman cunkoso a mota ma lokaci ne: karanta allunan talla da rubutun jikin danfo a ƙasa-ƙasa, yatsa a kan leɓe.

Madubi na makonnin farko ne. Yana da ha'inci, domin mutum kan ƙifta ido daidai lokacin da leɓensa ya motsa. Ka koma kyamarar waya: ka kafa ta nesan mita 2, ka ɗauki minti ɗaya, ka kalla sau biyu. Na farko ka kashe sauti ka duba leɓe, haɓa da wuya. Na biyu ka rufe ido ka ji ko kalmomin sun fita.

Wasan farko kada ya wuce minti uku zuwa biyar, gaban yaran gida. Ka zaunar da sahun gaba nesan mita 2 aƙalla, kuma kada kowa ya zauna a gefenka inda zai ga wuyanka. A wajen suna, walima ko bikin makaranta, babban abokin gabarka janareta ne da hayaniyar titi. Da zarar ka ɗaga murya don ka rinjaye su, haɓa za ta sauka, asiri ya tonu. Ka nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga da 'yar lasifika mai caji, ana samunsu a Alaba ko kasuwar waya ta Ikeja. Ka maƙala shi a ɓangaren da 'yar tsanar take, ka ajiye lasifikar a gabanku ta wannan ɓangaren, bakinta na kallon jama'a don kada ta yi kuka. Muryar 'yar tsana takan fi taka rauni, saboda haka da muryarta za ka gwada ƙarfin na'urar kafin mutane su taru, kai kuma ka sassauta taka ta daidaita da ita.